Silifas ɗin Mai Gadin Ƙofa

"Lafiya lau, Goggo. Ya ƙafar taki? Masifaffiyar tana ciki?"

Bai ma jira amsa ba, idonsa na kan waya. Ɗan yayana ne, Kunnuwa muke ce masa, don shi ke haɗa sauti a wani ƙaramin kamfanin wasannin bidiyo. Wasansu na sanɗa ne, na zamanin takobi da fitilar mai: ka laɓe, ka bi bango, ka shige fada masu gadi ba su gan ka ba. Kashi na biyu ya fito makon nan, masu sharhi kuwa sun yi masa ca. Shugabansu ya ce in haka ta ɗore babu kashi na uku, kowa ya kama gabansa.

'Yata kuma, taubashiyarsa, sharhin wasanni take yi a intanet, kuma ana jin maganarta. Yau za ta ɗauki nata sharhin a kan wasansu, shi ya sa ta aika ya dawo mata da makirfon da ya ara tun bara. Tun suna rarrafe ban taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗaya ba. Na kashe dutsen guga, na zauna.

Sai ga ta daga lungu, sharaf, sharaf, tana jan tsofaffin silifas ɗinta.

"A'a, ɓarawon makirfo! Miƙo."

"Ba gaisuwa?"

"Gaisuwa ta mutane ce. Miƙo."

Ya rungume jakarsa, ya zauna a hannun kujera, ya miƙe, ya sake zama. "Me za ki ce?"

"Abin da na gani. Jaruminku in ya hau katanga kamar an jefa buhu."

"Ke da matakalar gidan nan sai kin huta a tsakiya?"

"Ni ba a sayar da ni a kanti. Wani mai sharhi ya ce labarinku ya fi layin asibiti tsawo."

"Wannan ko ƙofar farko bai wuce ba, na san shi!"

"Wata ta ce na farko ya fi."

"Kowa na farko ya fi! Ke ma yayarki ta fi ki."

"Goggonka na ji," in ji ta.

"Ba ruwana," na ce, "ni duk ku biyun na yi asara."

Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, fuskarsa ta ƙara faɗawa. Ya zagaya tebur, ya ɗauki rimot, ya ajiye. Ita ko ta jingina da ƙofa tana kallonsa.

"Amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya," ta ce. "Mai gadin ƙofar ajiya. Wai ba a ganinta a duhu, sai dai ka kasa kunne ka ji takunta. Wai ba su taɓa jin tsoron takalmi irin haka ba."

"To, kin gani? Aikina ne."

"Sharaf, sharaf."

"Takalmin fata ne na mutanen da. Bincike muka yi."

"Bincike a lungun gidanmu? Har ɗan tsayawar da nake in gyara na hagu yana ciki, munafuki! Da makirfona ka laɓe bayan injin wanki ka ɗauke ni!"

"Na nemi mugun taku a duk garin, naki ya zo na ɗaya."

"Ka sa dubban mutane suna ɓuya a cikin tulu in sun ji tafiyata."

"Mu ma a gida haka muke yi."

Dariya ta kusa ƙwace mini, amma shi bai yi ba. Ya zaro makirfon, ya riƙe da hannu biyu, muryarsa ta sauka.

"Don Allah, yau ɗaya ki ajiye wasa. In kin zage ni ban san ko da gaske ba ne, kullum zagina kike. Mutanenki kuwa ba su san tsakaninmu ba, za su ɗauka da gaske. Shekarun nan duk a kansa na ƙare. Yana da kyau ko ba shi da?"

Tausayinsa ya kama ni. Ita kuma ta tashi daga jikin ƙofar. Ta buɗe baki ta rufe, kamar mai shirin haɗiye magani. Can ta ɗaga babban yatsanta. Yatsan ya yi bororo, har ya fashe.

"Ka ga abin da banzan wasanka ya yi mini. Har yanzu na kasa wuce kaina a ƙofar nan."

"Wato..."

"Wato zan ce buhu, zan ce layin asibiti, don gaskiya ne. Sannan in ce su rufe labule, su sa abin ji a kunne, kar wanda ya yi musu magana. In kuma ka faɗa wa wani na yabe ka, sai na ƙaryata."

Ya miƙa mata makirfon. Ta karɓa, ta juya, sai ta tsaya. Ta tuɓe silifas ɗin, ta wurga masa ɗaya bayan ɗaya a ƙirji.

"Riƙe. Za ka buƙace su a na uku."

Ya rungume su yana dariya, idonsa cike da ƙwalla. "Goggo, wallahi wari suke!"

"Sai ka ɗauki warin ma ka sa a ciki," ta ce, ta shige ɗaki ƙafa ba takalmi, ko motsinta ba mu ji ba.