Ranar da Na Zaɓa wa Kwamfuta Tsohon Tsari

Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba rubutun da ke wuce ni, har na bayan a-daidaita-sahu. Wata safiya aka kawo wuta a shagon shaddar da nake tsaro a Fagge. Kwamfutar kyamarorinmu ta tashi, ta nuna layi biyu, kowanne da lambarsa. Na gyara zaman tabarau, na gano ƙaramar lambar ita ce tsohon tsari. Ni da na san tsohon keken ɗinki ya fi na yanzu ƙarko? Na danna tsohon, har na fita ina gaya wa maƙwabta na ceci Alhaji mai shagon daga kayan zamani.

Ran Asabar bandir ɗin shadda ya ɓata. Alhaji ya kira Madam Ngozi daga Sabon Gari, wadda ta haɗa mana kyamarorin, don ta nuna mana ɓarawon. Ta duba, babu hoto ko ɗaya.

Ta ce, "Alhaji, sharaɗi na sa. Manhajar ɗaukar hoto sai ta duba lambar tsarin kafin ta tashi. In tsoho ne, sai ta yi kwanciyarta shiru. Wa ya taɓa?"

Na gyara murya na ce, "Madam, ai tsohon ya fi ƙarko."

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, da ba ka iya karatu ba, da yanzu mun ga ɓarawo."

Shaddar dai ba ta dawo ba. Har yau in na doso layinmu, sai wani ya cusa wayarsa a aljihu ya ce, "Jama'a, ku ɓoye sabbin kayanku, ga Injiniya nan tafe!"