Rasuwar Sitt Aziza, Kwamfutar Medhat Mawaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido ko bushewa bai yi ba, Medhat Abdul-Bari na unguwar Imbaba yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar kwamfutarsa ta cinya, Sitt Aziza, wadda ta cika ranar Litinin bayan la'asar, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta shigo gidan da tsufanta, don a hannu ya saye ta. Mai haƙuri ce. Ta sha shayi ta madannanta, ta sha faɗuwa a gidajen biki, ba ta taɓa kai ƙara ba. Babban halinta dai rufin asiri. Duk Imbaba an san Medhat da zaƙin murya, masu tuktuk, wato adaidaita-sahu, da waƙoƙinsa suke yawo. Mu da muke bango ɗaya da shi mun san abin da yake zubawa a makirufo, mun kuma san abin da ke fitowa bayan Sitt Aziza ta bi ta miƙe masa duk inda ya karkace. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta daɗe tana fama da zafin jiki. Fankar cikinta takan yi "fuuuu" kamar tukunyar wake, sai ya ɗora ta kan robobin ruwan ƙanƙara ta samu sauƙi. Ajali ya zo ta dalilin biki. Ranar Alhamis ne lallen ƙanwarsa Ragaa, ya kuma yi mata alkawarin waƙa da sunanta da na ango. Ya tara goggonninsa a ɗaki don ya ɗauki guɗarsu. Kamar yadda aka saba, ya rufe taga, ya jingina mata katifa, ya kashe fankar ɗaki don kada ƙarar titi ta shiga. A watan Agusta fa, lokacin da garin nan ke tsakiyar zafi.

"Sake, ɗan nan," in ji Goggo Ni'mat. "Sakina ta danne ni."

"Na danne ki?" in ji Goggo Sakina. "Numfashi dai ya ƙare miki, Yaya."

Aka sake, aka kuma sakewa, kowace tana son tata ta fito sama. Marigayiya ta jure iyakar jurewa, ta yi "tsiiit", ta yi "kak-kak", fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Ta tafi da waƙar a cikinta, babu kwafi ko'ina. Usta Gharib mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar da murfi a hankali ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ta ƙone har zuci."

Ta bar mijinta, jan akwatin sautin da makirufo ke bi ta cikinsa. Ta bar makirufo ɗaya ɗaure da salatif, da cajar da sai an danne ta da turmin yaji take kawowa.

Washegari Medhat ya rungumi akwatin ya zaga shagunan kasuwar Ataba yana nema masa sabuwar abokiyar zama, wadda ba ta minshari, muryar mutum kuma ba ta makara kafin ta dawo masa kunne. Kwamfutocin yanzu duk sirara ne, babu mai kafar da wayar tsohon za ta shiga. Wani mai shago ya juya wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai a gidan tarihi za ka nemo masa mata. Ka sayi biyun tare ka huta." Ya zaɓa kuwa, yana share ido. Sai dai kafin amaryar kwamfutar ta iso, a zuba mata kayan aiki, ta koyi lungunan muryarsa, an daɗe da wanke lalle.

Ya kai wa Ragaa maganar, ko za ta yafe. "Yaya, gaban dangin miji ka yi alkawarin nan," ta ce tana danne dariya. "Ka rera da bakinka mana. Ba mawaƙi ba ne kai?"

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a kai gawa shagon Usta Gharib gobe da hantsi. Zaman makoki kuwa ranar Alhamis bayan magariba, a rumfar lalle, inda mai rashi zai hau dandamali ya rera waƙar da muryar da Allah ya ba shi. An keɓe wa Goggo Ni'mat da Goggo Sakina kujerun gaba. Ana roƙonsu, da duk mace mai tausayi, da zarar sun ga Medhat ya ɗaga kai ya cika ƙirji zai hau sama, su rangaɗa guɗa, kada su sassauta sai ya sauko.

Allah ya jiƙan Sitt Aziza, mu kuma ya ba kunnuwanmu haƙuri.