Rasuwar Kwalekwalen da Ƙishirwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da su kaɗai suka rage da ruwa a unguwarmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar kwalekwalena, wanda ya cika ranar Lahadi da hantsi yana da shekara arba'in da ɗaya. Ƙishirwa ce ajalinsa.

Marigayin ya taso lokacin da teku ke kwana a ƙofar gidanmu, har mai ɗakina takan watsa wa tekun ruwan wanke-wanke ta taga. Teku ne da ƙasa ta kewaye ta ko'ina, kamar ruwa a kwano. Malamin makarantar jikata ya ce da zafi ya ƙaru, aka kuma karkatar da kogunan da ke shayar da shi zuwa gonaki, sai ya gudu ta sama. Ni dai ban ga tashinsa ba, amma nakan duba gajimare ko zan gane namu.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa kifar da kowa ba sai surukina, shi ma da dalili. Maganarsa biyu ce a duniya: "ƙiii" idan kaya sun yi yawa, "tal-tal" idan ransa ya yi fari.

Ciwon ya fara shekarar da ruwa ya ja baya taku goma. Mahaifina ne ya kafa turken da nake ɗaure shi, ni kuwa ba na tumɓuke abin da uba ya kafa. Sai na ƙara igiya don ya bi ruwan. Da shekara ta zagayo na sake ƙarawa. Igiyar ta ratsa kasuwar kifi, ta wuce tashar jiragen ruwa, ta bi ta filin da yanzu ake buga ƙwallo. Mata suna shanya a kanta, babu wadda ta taɓa gode min. Ranar da na haɗa da igiyar guga da ta akuya, mai ɗakina ta ce, "Malam, saura mazagin wandonka." Nan na tsaya. Ruwan bai tsaya ba.

Shekara tara marigayin yana jinya a kan gishirin da teku ya bari. Manya sun zo dubiya sau uku a motoci masu sanyi, aka ɗauke su hoto sun dafa shi, suka sha ruwan roba, suka tafi da ragowar. Na ƙarshensu ya buɗe taswira ya nuna min cewa inda muke tsaye zurfin ruwa gaba shida ne, wato tsayin mutum shida. Na ce ya kula kada takalminsa ya jiƙe.

Ranar Lahadi marigayin ya ce "ƙas", cikinsa ya tsage. Ya bar filafilin tuƙi biyu, da tarun kamun kifi ɗaya, da wani ƙadangare mai wutsiya biyu da ya yi jinyarsa tsakani da Allah, sai ni.

Game da jana'iza, kan iyali ya rabu. Mai ɗakina ta ce busasshen katako irin wannan ba a barin sa a ƙasa, har ta kira mai faskare, zai zo Laraba. Saboda haka za a tashi da gawa Talata da sassafe. Za a ɗora shi a amalanke a kai shi bakin ruwa, ya nutse kamar ɗan gidan mutunci. Direban da ya je can bara ya ce tafiyar yini biyu ce. Masu rakiya su ƙara guzurin yini guda, don ba a san inda ruwan ya kai bana ba. Kowa ya zo da ruwan shansa.

Wanda ya iya karatu, don Allah kada ya karanta wa mai ɗakina.