Rasuwar Wakilin Wuta na Gungun Marke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa da ya wayi gari babu aikin yi, Alhaji Sahabi Mai Intanet na Yelwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar amininsa kuma abin ƙaunarsa, Wakilin Wuta, wanda mutanen Gungun Marke suka fi sani da Ƙas. Marigayin ya cika ne a bakin aikinsa, cikin kwantenar ƙarfen da ke tsakiyar tsibirin, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar taɓarya.

Ga wanda bai san shi ba: marigayin baƙin akwati ne siriri, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, yana da bakunan soket takwas a jere. Duk wutar solar da Alhaji ya kafa a tsibirin ta cikinsa take bi kafin ta isa ko'ina. Kunnensa ɗaya ne, kuma Alhaji kaɗai yake ji. Daga Yelwa, yana kishingiɗe a ƙofar gida, Alhaji zai ciro waya ya ga wane soket ke zuƙar wuta, wane ke barci. Ya taɓa da yatsa, can hayin ruwa marigayin ya ce ƙas, abu ya mutu. Ya sake taɓawa, ya ce ƙas, abu ya farfaɗo. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma ta ishi tsibiri guda.

Kafin zuwansa, idan rawuta ta daskare, wato na'urar da ke raba wa tsibirin intanet, Ishaya, yaron aikin Alhaji, ne yake shiga kwantenar ya kashe ta ya kunna. Ran da marigayin ya kama aiki Alhaji ya sallami Ishaya, ya karɓe makulli, ya sa wa ƙofar kwantenar kwaɗon lantarki da shi ma sai an taɓa waya yake buɗewa. Sannan ya shaida wa majalisa cewa ƙafarsa ta gama shiga jirgin ruwa, don mai arziki ba ya jiƙa wando.

Halayen marigayin abin koyi ne. Bai taɓa tambayar dalili ba. Bai taɓa cewa matarsa ta haihu ko kakarsa ta mutu ba. Ba shi da Juma'a, ba shi da Lahadi, kuma Alhaji yana so a rubuta wannan da kyau: marigayin bai san bambancin addini ba. Ya ɗauke wutar coci ana tsakiyar waƙa, saboda fasto ya wuce Alhaji a kasuwar Warra ya ɗaga masa hannu ɗaya maimakon biyu. Ya kashe lasifikar masallaci ran da Liman Bashiru ya yi huɗuba a kan girman kai, duk da limamin ya rantse ba da kowa yake ba. Gidan kallo kuwa, marigayin ya ƙware wajen jiran sa'ad da ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai buga fenareti. Nan zai ce ƙas. Ƙattai cike da rumfa su tsaya suna kallon baƙin gilashi, suna tambayar juna wa ya yi laifi yau. Goodness mai cajin waya ta taɓa wuni da wayoyin mutane a mace, don ta gaida Alhaji a waya ba ta tambayi lafiyar motarsa ba.

Ba ya daɗewa, wannan ma a faɗa. Awa ɗaya, awa biyu, sai a ji ƙas, komai ya dawo. Alhaji ba mugu ba ne, tarbiyya yake koyarwa. Kuma ta kama, don har ya kai in an ambaci sunansa a tsibirin sai a rage murya a waiwayi kwantena.

Babban aikin marigayin, wanda Alhaji ba ya iya tunawa ba tare da ya share ido ba, shi ne hidimar Inna Kulu, mahaifiyar Alhajin. Tsohuwa ce mai taurin kai, an yi an yi ta dawo Yelwa ta ce ruwan birni ƙarfe yake ɗanɗano. Tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum, allurar kuma sai a sanyi take zama. Firijin da ake ajiye ta yana cikin kwantena. Kowace safiya Alhaji zai taɓa waya, ƙofa ta buɗe, Mary maƙwabciyarta ta ɗauko ta yi mata, ƙofa ta rufe. Babu majalisar da Alhaji bai ba da wannan labarin ba: yana jinyar uwarsa daga Yelwa da yatsa ɗaya, wa ya taɓa yin haka a zuriyarsu?

Ciwon ajali ya fara ne ran da masuntan tsibirin suka zauna zaɓen uban ƙungiya na tseren kwale-kwalen bana. Alhaji ya riga ya ɗinka babbar riga. Sai suka zaɓi Hammadu mai sassaƙa jirgi, mutumin da ko takalmin kirki ba shi da shi. Abin da ya fi ciwo, hoton bikin ya iso wa Alhaji ne ta intanet ɗinsa na kansa, ana ta tafi, ana ɗaga Hammadu sama. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Alhaji, ya buɗe manhaja. A can ƙasa akwai wani jan madanni da bai taɓa taɓawa ba, na kashe duka. Ya danna shi da ƙarfin da har wayar ta kusa suɓucewa.

Waɗanda ke kusa sun ce marigayin ya yi ƙas sau takwas a jere, ba gargada. Gidan kallo, caji, coci, masallaci, firiza, firiji, kwaɗon ƙofa. Na takwas ɗin rawuta ce, kuma ta cikinta umarnin Alhaji yake tsallako ruwa ya shiga kunnen marigayin. Biyayya ta kai shi ya toshe kunnensa da hannunsa. Yana nan da ransa, 'yar koriyar fitilarsa tana ci, yana jiran umarni na gaba, babu hanyar da zai iso.

Niyyar Alhaji zuwa la'asar ce kawai. Da ya idar da salla ya taɓa waya, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya har magariba. Ya kira wanda ya sayar masa da marigayin, aka ce masa ai abin mai sauƙi ne, wani ya shiga kwantenar ya danna da hannu. Makullin hannun, guda ɗaya tal, yana cikin aljihun Alhaji. Tsibirin kuma babu wata hanyar waya sai tasa.

A nan Alhaji yana so jama'a su sani cewa ya tuna da Inna. Wallahi ya tuna. Sai dai ya kuma tuna bakin gaɓar tsibirin, da mutane jere suna kallonsa yana saukowa daga jirgi da jiƙaƙƙen wando, Hammadu a gaba. Ya auna biyun, ya ce wa kansa fashin allura ɗaya ba ya kisa, wataƙila ma zuwa safe zoben ya gaji ya tsaya.

Da safe Mary ta tarar da ƙofa a rufe. Dogo maƙeri ya ɗauko guduma. Inna Kulu ta hana.

"Kar wanda ya taɓa mishi ƙohwa," in ji ta. "Ya san ina nan."

Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin marke, tana fuskantar kwantenar. Ta wuni tana shan ruwa kamar rairayi, tana cewa yanzu za a ji ƙas. Mutane suka bar ta, don uwa ta fi kowa sanin ɗanta, kuma kowa ya ɗauka horon da aka saba ne ya ɗan yi tsawo.

Washegari Alhaji ya haƙura ya gangara bakin ruwa, ya lulluɓe kai da rawani kamar mai mura. Masu jirage suka gaishe shi da ladabi. Wannan injinsa yana hutawa. Wancan bai sayi mai ba. Na ukun ya ce iska ba ta yi masa ba, alhali ruwa kwance yake kamar tabarma. Kowannensu yana da ɗan uwa a tsibirin da ƙas ta taɓa shafa. Da a ce Alhaji ya buɗe baki ya ce uwarsa ce ke can babu allura, ko da tafin hannu za su tuƙa shi su kai shi. Bai faɗa ba, don faɗar tana nufin kowa ya san abin da ya aikata. Ya tsaya yana cinikin mutunci har rana ta karkata, ya koma gida ya ci gaba da kallon zobe.

Safiyar da ta biyo baya Inna ba ta tashi daga tabarma ba. Ana kiranta, ba ta amsawa sai numfashi. Wannan karon Dogo bai nemi izinin kowa ba. Da ƙofar ta faɗi, zafin da ya fito ya kai na tanderun burodi, ga warin kifin jama'a da ya ruɓe a firiza, allurar kuma ta dahu. Aka ɗauki Inna aka sa a sabon jirgin tseren Hammadu, ƙattan gidan kallo suka kama filafilai suka nufi asibitin Warra. Babu wanda ya taɓa ganin jirgi ya yi irin wannan gudun, kuma babu mai tafi.

Ramatu, ƙanwar Alhaji, ta ce su yi gaba za ta biyo jirgi na biyu. Ta shiga gida ta fito da taɓarya. Marigayin yana maƙale a bango, koriyar fitilarsa tana ci, bai san hawa ba bai san sauka ba. Shaidu sun ce a bugu na farko ya yi ƙoƙarin cewa ƙas bai ƙarasa ba. Daga nan sai wani siririn tsiii, sai hayaƙi. Ramatu ba ta daina ba sai da ta ga babu abin da ya rage da ya fi tsabar gero girma sosai.

Marigayin ya rasu ya bar rawuta, wadda marayci ya karɓe ta, don an jona ta kai tsaye kuma tun ranar ba ta yi ko tari ba. Ya bar firizar da har yanzu ake wankewa da toka, da Ishaya da aka mayar bakin aikinsa ba tare da an nemi shawarar kowa ba. Ya bar manhaja a wayar Alhaji, wadda zobenta yake juyawa har gobe. Ya kuma bar Alhajin kansa, wanda ya nemi a kai ƙarar wadda ta yi kisan, aka tuna masa cewa alƙali zai fara tambayar me ya sa ta ɗauki taɓarya.

Inna Kulu ta farfaɗo. Idonta ɗaya ya dushe, likita ya ce kada a sa rai da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. An tattara gawar a buhun shinkafa, Dogo ya ɗaura mata dutse, za a kai ta inda ruwa ya fi zurfi a sake ta. Liman Bashiru da fasto duk sun aiko da uzuri. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Alhaji da ke Yelwa, kuma ana roƙon masu zuwa kada su yi cunkoso, ko da yake zuwa yanzu tabarmar da aka shimfiɗa kaji ne kawai suka hau ta.

Ba za a yi zaman makoki a asibiti ba. Alhaji ya je can da ledar lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa, Ramatu ta sunkuya ta tambayi Inna ko a shigo da mai neman ganinta. Ɗakin cike yake da mutanen tsibiri. Alhaji ɗanta ne na fari, kuma tun ran da ta haife shi babu mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ta gyara kwanciya ta juya wa ƙofar baya.

"Ku hwaɗa ma Sahabi ya tahi," in ji ta. "Shi yi ta jinyata daga can."

Ta faɗi sunan sarai, yadda ake faɗin na ɗan maƙwabta. Jirgin gawa zai tashi daga tsibirin, kuma babu gurbin fasinja daga Yelwa.