Ƙafar Saniyar Alhaji Sale

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na wata Talata ba, lokacin da Baba ya dawo daga kasuwar Ogbete, inda yake sayar da albasa, ya ce, "Sa hijabinki, likita, ana nemanki."

Ina aji uku ne a karatun likitan dabbobi, amma Baba ya riga ya gama yaye ni a bakin 'yan kasuwa. Amininsa Alhaji Sale dillalin shanu ne, yana kawo wa mahauta kaya daga Arewa. Wata saniya ta haihu a hanya, sai ya ajiye ta a bayan gidansa don yara su samu madara. Yanzu ga shi tana korar ɗan maraƙinta, tana tafiya a tale.

Muka hau okada muka je. Na tarar da dattawa a jere kan benci, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya (wannan kam na iya). Na zaga bayan saniya, na ja hijabi na kare hannuna, su kuma suka kawar da kai don kara. Ina taɓawa na gane. Ɓangaren hagu na hantsarta ya yi zafi, ya yi tauri, madarar na fita guda-guda. Na karanta wannan ciwon har na haddace.

"To likita, me ya same ta?" in ji Alhaji.

Nan fa ake yin ta. Ni da ko sunan yayana ba na iya faɗa da ƙarfi, ta yaya zan ambaci nono a gaban Baba da abokansa? Na kalli ƙasa na ce, "Wajen... can baya ne, ta hagu. Ya kumbura. A riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ana matsawa safe da yamma. Zan kawo magani."

"Ai na faɗa!" in ji Alhaji. Har na ji daɗi a raina, wai mun fahimci juna.

Sai ranar Alhamis na samo maganin da ake matsawa ta kan nonon. Ina shiga na ga an naɗe ƙafar saniya ta hagu da tsumma, ta sha man kaɗanya tana ƙyalli. Hantsa kuwa ta ƙara hawa, ɗan maraƙi ya rame.

Alhaji ya ɗaga murya saboda ƙarar janaretan maƙwabta. "'Yata, mun gasa, mun matsa, no change! In ta kai gobe haka, wallahi mahauta zan kira."

Na kalli saniya, na kalli Baba. Na rufe ido na tattaro duk muryar da na yi shekaru ina tanadi. Daidai nan aka kawo wuta, janareta ya yi shiru.

"BA ƘAFA BA CE, NONONTA NE! A TATSE NONON!"

Har mai sayar da lemo a ƙetaren titi sai da ya juyo. Wani dattijo ya shiga tarin da bai da shi. Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Ashe tana magana."

Na wanke hannu, na tatse ɓangaren tas, na gasa, na sa magani, na ce a zubar da madarar har sai magani ya fita daga jikinta. Duk da kai a sunkuye na yi bayanin, amma kowa ya ji. Alhaji ya ce an fasa kiran mahauta.

A hanyar gida na bi bayan Baba. Sau biyu ina tambayarsa ko na ba shi kunya, shi dai sai tafiya yake. Sai a ƙofar gida ya tsaya, kafaɗarsa na rawa don dariya.

"Ni ba ki yi mini komai ba. Saniyar da ta kwana biyu ana gasa mata lafiyayyar ƙafa, ita za ki koma ki ba haƙuri."