Janar da Kabad ɗin Ƙarfe

Idan ana lissafin bayin Allah da aka yi wa baiwar tsare amana, a fara da Janar, sauran su bi layi. Bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a talabijin. Ma'aikatan kamfanin raba kayan asibiti da ke hawa na biyu ne suka laƙaba masa muƙamin, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don bai ga abin dariya a ciki ba. Shekara tara ya yi a sito yana jera kwalaye. Rannan mai kamfani, wadda matar yayansa ce, ta tura shi kwas na kwana uku kan tsaron kwamfutoci, saboda a makon shi kaɗai ne ba shi da aikin yi. Ya tafi da biro ɗaya, ya dawo da takardar shaida da tabarau da wata sabuwar tafiya.

Litinin ɗin farko ya tara kowa a ɗakin taro, ya gyara murya.

"Jama'a, muna cikin yaƙi. Waifai ɗin nan da kuke gani, ko in ce ba ku gani, ta cikin iska yake tafiya, iska kuwa ba ta da ƙofa. Yanzu haka da nake magana akwai wani ɗan kutse a wata ƙasa, ya ƙi ci, ya ƙi wanka, yana jiran ɗayanku ya yi sakaci. Ni ne tsakaninku da shi."

Direba ya tafa, don ya ɗauka an gama. Da sauran minti arba'in.

Daga ranar aka shiga sabon zamani. Kalmar sirrin waifai ta koma harafi talatin da biyu, ana sauya ta duk mako, kuma babu mahalukin da ya san ta sai Janar. Kowace safiyar Litinin ma'aikata goma sha huɗu kan yi layi a ƙofar ofishinsa, kowa rungume da laftof ko kwamfutar hannu kamar masu kai yara rigakafi. Idan layi ya zo kanka, ka ajiye na'urarka, ka juya baya, ka kalli bango. Shi kuma ya lulluɓe hannunsa da hankici, ya danna haruffan da yatsa ɗaya. Ko mai kamfani sai da ta kalli bangon nan, tana jijjiga kai.

Amma babbar hikimarsa, wadda ya ce nan gaba za a koyar da ita a jami'o'i, ita ce kabad. Wata rana ya tsaya ya ƙura wa rauta ido, wato ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ke watsa waifai, yana zaune tsirara a saman shiryayye, kowa na wucewa ta gabansa. Hankalin Janar ya tashi. Ya sa aka ɗauko masa kabad ɗin ƙarfe daga tsohon sitonsa, ya saka rauta a ciki, ya rufe, ya danna kwaɗo biyu, ya rataya makullan a ƙugu yadda duk inda ya gifta za a ji shi. Ba ya buɗewa sai safiyar Litinin, don ya ga fitilun da idonsa yayin da yake danna kalmar sirri. Da mutum na ƙarshe ya fita, sai ya mayar ya garƙame.

Cewa ƙarfe na tare sigina, wataƙila an faɗa a kwas ɗin, a rana ta uku bayan cin abinci, lokacin da Janar ke waje yana ɗaukar hoto da takardar shaida.

Aka wayi gari babu mai iya tura ko gaisuwa. Duk wanda ya kai ƙorafi, Janar ya yi murmushin manya ya ce ai tsaron ne ke aiki, idan ma'aikaci ma ya sha wuya kafin ya shiga, ina ga ɓarawo. Sakatariya, mace mai haƙuri da ta shekara goma sha biyu a kujera ɗaya, ta rubuta masa takarda cikin ladabi cewa a gwada fito da akwatin. Ya dawo mata da ita ya gyara waƙafi biyu da jan biro.

To asibitoci ba sa jiran hikima, safar hannu suke so da sirinji. Sakatariya ta duba jerin waifai da kwamfutarta ke gani, ta tarar da na mai askin da ke ƙasan bene, wanda ya bar shi a buɗe don masu jiran layi su rage zaman banza. Ta shiga, saƙo ya tafi. Kafin la'asar duk ofis ya bi sahu. Ranta bai so ba, don ta san takardun mutane ne ke bi ta hanyar da ko mai wucewa a titi zai iya shiga, amma wa za ta gaya wa? Har laftof ɗin Janar ita ta haɗa masa, ranar da ya fita cin abinci ya bar ta a buɗe. Ya dawo ya ga komai na gudu, ya kira ta ya ce, "Kin gani? Wanda ya iya, na'ura ma ta san shi."

Wata huɗu aka yi haka. Duk ƙarshen mako yana manna sanarwa a allo: hare-haren da aka kawo, sifili. Gaskiya ya faɗa.

Sai wani babban asibiti ya ce zai ba kamfanin aikin kawo masa kaya, amma sai ya turo mai bincike ta duba yadda ake tsare bayanai. Mai kamfani ta yi wa ƙanen mijinta alkawari: idan rahoto ya yi kyau, takardar naɗa shi Daraktan Tsaron Sadarwa na cikin durowarta, sa hannu kawai take jira. Janar bai jira sa hannu ba. Ya je aka sassaƙa masa allon suna mai ruwan zinariya, ya ɓoye a bayan labule, yana leƙa shi lokaci-lokaci.

Mai binciken ta zo da safe, 'yar siririya, ba ta da yawan magana, da kwamfutar hannu a jaka. Janar ya zagaya da ita, ya nuna mata bangon da ake kallo, ya nuna mata hankicin, ya kaɗa mata makullai. Daga nan ya zaunar da kowa a ɗakin taro, ya haɗa laftof ɗinsa da babban allo.

"Yanzu za ki ga yadda saƙo ke fita daga wannan sansani ba tare da ko ƙuda ya taɓa shi ba."

Ya danna. 'Yar da'irar nan ta jira ta fara juyawa a allo, ta yi ta juyawa. A kowane tebur sabis ya ɗauke lokaci guda. Janar ya miƙe tsaye, idanunsa na ƙyalli, don ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Ya ce an kawo hari, kowa ya zauna inda yake, kada a taɓa komai, kada a buɗe taga.

Sakatariya ta tashi a hankali ta buɗe taga, ta leƙa ƙasa.

"Baba mai aski, don Allah mayar mana da soket ɗin."

Daga ƙasa murya ta amso cewa a yi haƙuri, na waifai ya zare don ya ɗora ruwan zafi na tawul, yanzu zai mayar. Minti ɗaya ba a yi ba, saƙon Janar ya tafi. Sunan waifai ɗin da ya ɗauke shi kuwa ga shi ɓaro-ɓaro a kusurwar babban allo, kowa na karantawa: Aski Mai Kyau.

Mai binciken ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta nemi a buɗe kabad. Sai da Janar ya gwada makulli huɗu. Ta duba rautar, ta rubuta 'yan layuka, ta miƙa wa mai kamfani. A ciki ta ce abu ɗaya ne a duk ginin ke da cikakken tsaro, shi ne rauta, domin wata huɗu babu wanda ya same ta, har masu ita. Ta ba su mako biyu su gyara, in ba haka ba asibiti ya nemi wasu.

"Yaya," in ji Janar, murya ƙasa-ƙasa, yau babu ranki ya daɗe, "ai dai ba a taɓa kutsa mana ba."

Mai kamfani ta dube shi, ta miƙa hannu. Ya ɗauka gaisawa za su yi. Makullan take nufi.

A ranar aka mayar da rauta saman shiryayye, sakatariya da mai binciken suka zauna suka tsara komai cikin awa ɗaya, aka ware waifai na baƙi daban, na aiki daban. Kabad ya koma sito, mai shi ya bi shi. Litinin da ta zagayo, Janar ya hau bene da laftof ɗinsa a hammata, ya tsaya gaban teburin sakatariya, ya ce a sa masa sabuwar kalmar sirri. Ta karɓa da ladabi kamar kullum, ta ce, "Janar, ɗan juya ka kalli bango."