Rasuwar Goggo Zamfira, Kwamfutar Rediyon Kwari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Rodica Bălan, mai gidan Rediyon Kwari, a madadin ma'aikata da masu saurare, nake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarmu, wadda kowa ya sani da Goggo Zamfira. Ta cika ranar Asabar da yamma a kan teburinta, ana cikin gyara mata agogo, gab da Lahadin ƙarshen Oktoba da ake mayar da lokaci baya da awa ɗaya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan tun babu furfura a kaina. Ita ke sakin shirye-shirye kowanne a kan lokacinsa, daga hasashen yanayi na makiyaya da farashin cuku a kasuwa har waƙoƙin biki. Sanarwar mutuwar mutanen kwarin nan ma ta bakinta take fita. Idan aka kunna ta sai ta yi tari, kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce tiit sau ɗaya. Wannan tiit ɗin ita ce gaisuwarta.

Aibinta guda ne, ba ta yarda da canjin agogo ba. Duk bazara da kaka sai Gelu, mai gabatar da shirin safe, ya zauna gabanta ya juya mata lokaci da hannu yana lallashi. "Haba Goggo, awa ɗaya ce fa, ba gonarki za a ƙwace ba."

A ƙarshen Agusta Gelu ya faɗi a bakin ƙofar gidansa. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Sai muka ci gaba da sakin tsofaffin shirye-shiryensa da ke ajiye a cikin Goggo, kullum safiya muryarsa ta fito tana cewa, "Ku tashi, mutanen Kwari, tumaki sun riga ku!" Matarsa Veturia takan ɗora ƙaramin rediyo kusa da kunnensa a asibitin gari. Ta ce leɓensa na motsi yana bin kalmomin. Likita ta ce kada a fasa.

Ajali ya biyo ta hannun kamfanin da ke aiko mana da labarai. Suka ce dole kowace tasha ta sabunta manhajarta kafin Lahadi, agogo ya riƙa juya kansa, in ba haka ba su yanke mu. Na kira Horia mai gyara. Ya leƙa bayanta, ya hure ƙura, ya yi tsaki.

"Inna Rodica, wannan ai sa'ar kakata ce. In na kwantar da ita ban yi alkawarin za ta tashi ba."

"To kwashe min muryar Gelu tukuna."

Ya gwada. Ta ba shi waƙoƙi kaɗan, ta cije, ta ƙi sakin sauran. Ya sake gwadawa har shayinsa ya huce.

"Ta ƙi. Wataƙila in aka sabunta ta, ta saki. Wataƙila kuma... ke dai kika sani, Inna."

Na ce ya yi. Tashar da babu labarai rufewa za ta yi, mu duka mun san haka.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Koren layi ya tafi har tsakiyar allo, ya tsaya. Fankarta ta ɗaga murya kamar mai haki a hawan dutse. Muka ji ƙaurin waya. Daga can cikinta wani abu ya ce tak, tak, tak, sai allo ya yi baƙi. Horia ya cire hula. Na danna maɓalli ina jiran tari, babu tari.

Ranar Lahadi duk ƙasa ta sami ƙarin awa ta barci. Ni kuwa wayar Veturia ce ta same ni.

"Rodica, ya farka tun ɗazu, idonsa na kan rediyo. Na ce masa canjin agogo ne, mu jira awa ɗaya. Ga awar ta wuce. Yanzu me zan ce masa?"

Na riƙe wayar a kunnena. Ina jin numfashinta, a bayanta kuma rediyon na ta shuuu.

Marigayiyar ta bar na'urar buga takarda, wadda tun ranar ba ta karɓi umarnin kowa ba. Ta bar makirufo biyu, da kyanwar ofis mai kwana a bayanta saboda ɗumi, yanzu tana zagaye teburin tana kuka. Ta bar wata siririyar kwamfutar aro da Horia ya kawo, wadda ta san lokacin kowace ƙasa a duniya amma ba ta taɓa jin muryar Gelu ba.

An ciro ma'ajiyar da ke cikinta, an naɗe a tawul, an kai wa wani gwani a birnin Sibiu. Ya ce zai duba, kada mu sa rai da yawa.

Za a fitar da gawa daga ɗakin watsa shiri ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, sabon lokaci, zuwa wurin tara matattun kayan lantarki da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Fada Ilarie, limamin cocinmu, ya ce shi ba ya yi wa na'ura addu'a, amma zai zo ya zauna da mu. Akwai dafaffiyar alkamar makoki da gahawa.

Ba ma bukatar furanni. Duk wanda ya taɓa naɗar shirin safe a kaset ko a waya, ko da rabin gaisuwa ce, ko da kukan yara ya rufe ta, ya duba akwatunan gidansa ya kawo mana. Veturia za ta zauna a bakin ƙofa ta karɓa da hannunta. Ƙarfe goma sha biyu za ta tashi, don ba ta son ta bar Gelu shi kaɗai da rediyon.